Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A bana mun ga ya dace mu ba ku labarin makullin motar makaranta, domin mu malamanku ma ya koya mana darasi.

Duk kun san motar nan Ford Escape ƙirar 2005 wadda tsofaffin ɗalibai suka ba makaranta kyauta. Ita ke ɗauko kayan abinci daga kasuwa, ita ke kai marasa lafiya asibiti. Ta zo da makullai 2, ɗaya a hannun Baba Direba, ɗaya a ofishin Shugaban Makaranta. Amma Baba Direba a cikin gari yake kwana, kuma ofis a kulle yake da dare. Saboda haka a shekarar 2022 muka shawarta a taron malamai cewa a yi makulli na uku, a bar wa malamin da ke kan aiki a kowane mako.

Muka ɗauka abu ne mai sauƙi. Muka kai makullin wurin wani mai yanka makullai a kasuwa, ya yanka mana sabo nan take. Muka dawo muna murna. Ya buɗe ƙofa, ya shiga raminsa, ya murɗu sarai, amma mota ta ƙi tashi. Sai wata ƙaramar fitila a dashbod ta yi ta ƙyafta ido da sauri. Baba Direba ya dube mu ya ce, “Malamai, wannan motar ta san nata.” Muka yi dariya, ashe gaskiya ya faɗa.

Malamin fiziks ne ya ɗauko littafin motar, muka zauna muka karanta. A cikin baƙar robar da ke kan makullin akwai wata ’yar ƙwayar lantarki, ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba. Ana kiranta taransifonda. Ba ta da batir. A kewayen ramin makulli akwai zoben waya. Idan an murɗa makulli, zoben yakan aika wa ƙwayar ƙarfi ta iska, ita kuma ta amsa da lambarta. Ƙwaƙwalwar mota sai ta duba. In ta san lambar, ta bar inji ya tashi. In ba ta san ta ba, ta hana. An yi wannan dabara ne don maganin ɓarayi, kuma tun 1998 Jamus da Ingila suka wajabta ta a kan sababbin motoci. Yawancin motocin tokumbo da ke shigowa ƙasarmu suna ɗauke da ita. Makullin da aka yanka mana ƙarfe ne kawai, ba shi da ƙwaya.

Littafin ya nuna cewa mai mota zai iya koya wa motarsa sabon makulli da kansa, amma da sharaɗi guda: sai yana riƙe da makullai 2 waɗanda motar ta riga ta sani. Muka sayo makulli mai ƙwaya irin na motar, aka yanka shi. Ranar Asabar da safe muka taru, ɗaya na riƙe da agogo. Muka sa makulli na farko, muka murɗa zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da tayar da inji ba. Bayan daƙiƙa 3 muka kashe muka zare. Kafin daƙiƙa 10 su cika muka sa na biyu, muka yi masa haka nan. Sa’an nan muka sa sabon nan da nan. A karo na farko mun yi nawa, domin makullin ya faɗi ƙarƙashin kujera, sai muka sake daga farko. A karo na biyu fitilar ta kama na ɗan lokaci ta mutu. Muka murɗa, mota ta tashi. Ba kowace mota ce ke yarda da wannan hanya ba. Wasu sai an jona musu na’ura a wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, saboda haka kowa ya duba littafin motarsa.

Ba a yi wata 2 ba, makullin Baba Direba ya ɓace a hanyar gonarsa, ba a sake ganinsa ba. A cikin makon nan kuwa, Shugaban Makaranta ya tafi taro da nasa a aljihu. Da tsakar dare matiron ta buga mana ƙofa, ta ce wata yarinya ’yar aji 2 numfashinta na sarƙewa. Asibiti da nisa, ga ruwan sama, ba abin hawa a hanya. Makulli na uku ne ya tayar da motar. Yarinyar ta warke, kuma tana cikin waɗanda suka gama makaranta lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah.

Daga baya muka zauna muka yi tunani. Da mun jira sai makulli ya ɓace kafin mu motsa, da ba mu iya yin aikin da kanmu ba, gama makulli ɗaya ba ya isa. Sai an nemo gwani mai na’ura daga birni, a biya kuɗi mai yawa, a yi kwanaki ana jira. A daren nan kuwa ba mu da ko sa’a guda ta jira. Da Shugaba ya dawo, ba mu ɓata lokaci ba, muka haɗa nasa da namu muka koya wa motar wani sabon.

Ku ’yan aji 6 masu barinmu, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Karatun jarrabawa tun farkon zango ake yinsa, ba daren jarrabawa ba. Haka kuma halin kirki da addu’a, tun kuna da lafiya da iyaye da malamai a kusa za ku tanade su. Ku tuna kuma da makullin kasuwa. A ido kamarsa ɗaya da na gaske, amma cikinsa wayam. Kada ku zama masu kama da Kirista a fuska kawai.

Ubangiji ya kiyaye ku, ya sa wa tafiyarku albarka. Amin.