Awa Biyu a Gefen Dajin Falgore

Da a ce fambel ɗin motarmu bai tsinke ba, da har yau ina cikin masu cewa Jihar Kano ba ta da komai sai gonakin gero da dawa. Na sha jin sunan Falgore a rediyo, amma kusan kullum cikin labarin ɓarayin shanu ko hatsarin mota nake jin sa. Ban taɓa ɗaukar sa wurin da mutum zai so ya tsaya ya kalla ba.

A dogon hutu ne, cikin watan Agusta, Umma ta haɗa ni da ƙanena ɗan shekara 11, ta ce in kai shi Jos wurin kawunmu. Har bakin ƙofa ta rako mu tana nanata magana ɗaya: "Ka riƙe min hannunsa, amana ce."

Da hantsi muka shiga mota ƙirar Sharon, muka kama hanyar Zariya. Muka wuce Kura da Kadawa, shinkafa ta yi kore shar dama da hagu. Da muka shiga ƙasar Bebeji wani fasinja ya nuna mana ɓangaren da madatsar ruwa ta Tiga take, ya ce da ruwanta ake noman rani a duk gonakin da muka baro. A Kwanar Ɗangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru, muka bar titin Zariya muka karya hagu. Tun daga Tudun Wada ƙasa ta fara sauya kama: gonaki na raguwa, itatuwa na ƙaruwa, duwatsu na leƙowa daga nesa.

Mun kusa shiga dajin sosai, wajen sha biyu saura, sai muka ji ƙara a gaban mota. Direba ya gangara gefe kusa da wasu 'yan rumfuna, ya buɗe gaba, ya girgiza kai. Dole ya hau acaɓa ya koma Tudun Wada ya sayo fambel. Kafin ya tafi ya ɗaga murya:

"Jama'a, a yi haƙuri. Da an idar da azahar, ƙarfe biyu, zan tashi. Ba na son yamma ta yi min a dajin nan. Wanda bai nan, shi ya sani."

Na taɓa gani a talabijin yadda manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido kan tsaya a tashoshin ƙasashe irin su Jamaika. A ba fasinjoji 'yan awanni, wasu su shiga gari, wasu su shiga kurmi su ba ido abinci, amma da lokaci ya cika jirgi sai ya ɗaga, ba ya jiran kowa. Na dubi agogon wayata, na dubi dajin, na ce a raina ai mu ma ga tamu tashar.

A rumfar ƙarshe akwai wani dattijo mai sayar da zuma da gasasshiyar masara. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko akwai inda mutum zai ɗan taka ya ga daji ya dawo. Ya daɗe yana kallona kafin ya yi magana.

"Samari, daga birni kuke ko? To, ga turba nan bayan rumfa. Mata na bin ta zuwa ɗiban ruwa, ba nisa. Za ku tarar da rafi, da wani babban maɗaci da aka sassaƙe wa ɓawo. Ku tsaya nan. Kada ku tsallaka rafin."

"To, Baba, mun gode."

Wata tsohuwa da muke kujera ɗaya, wadda tun daga Kano take ba ƙanena gyaɗa, ta ce, "Ɗan nan, ina za ka kai min yaron?" Na ce, "Iya, nan kusa ne, yanzu za mu dawo." Ta ce, "Uhm." Ba ta ƙara ba.

Ba mu yi tafiyar minti biyar ba ƙarar titi ta ɓace. Gamba ta fi tsawona, ta rufe turbar ta ko'ina, sai dai mu riƙa ture ta da hannu. Da muka fita daga cikinta sai ga itatuwa jere kamar an dasa. Na gane ɗorawa da kaɗanya, domin akwai su a ƙauyen kakanninmu. Akwai wasu dogaye masu faffaɗan ganye da suka fi kowanne yawa, waɗanda sai daga baya dattijon ya ce min doka ce. Ƙanena ya tsinci ɗinya baƙa wuluk a gindin uwarta, ya cika aljihu, bakinsa ya yi baƙi kamar ya sha tawada. Wata cilakowa ta wuce ta kanmu tana kuka, tana tashi tana sauka a iska kamar mai lilo.

Da muka fara gangara wajen rafi sai komai ya sauya. Rassa suka haɗe a sama har rana ba ta sauka ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Iska ta yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya cika hanci, igiyoyin daji sun nannaɗe itatuwa sun zubo. Ƙasa baƙa ce, mai laushi, ƙafa na nutsewa. Wannan shi ne kurmi. A aji malamin labarin ƙasa ya taɓa gaya mana cewa ko a nan Arewa, inda daji yake a buɗe, akan samu siririn kurmi yana bin gaɓar rafi, domin saiwoyi na samun ruwa rani da damina. Na rubuta a littafi, na ci jarrabawa da shi, amma sai ranar na san abin da na rubuta. Gani ya kori ji.

Ga maɗacin nan kuwa, mutum biyu ba za su kewaye shi da hannu ba, an sassaƙe gefensa ɗaya don magani. Muka zauna a kan saiwarsa, muka wanke fuska. Ruwan da sanyi kamar na randa. Na duba waya: sha biyu da minti ashirin da biyar. Da mun juya a nan, da labarin ya ƙare lafiya lau.

Sai ƙanena ya ja rigata. "Yaya, birai!"

Su biyar ne ko shida a tsallaken rafi, ɗaya da ɗanta maƙale a ciki. Ruwan bai kai gwiwa ba. Na tuna maganar Baba, na kuma ce a raina minti biyar kawai, in ɗauki hoto in nuna wa 'yan ajinmu. Muka tuɓe takalma muka tsallaka. Birai suka matsa, muka matsa. Suka ƙara gaba, muka bi. Hoton da na samu ma ba a ganin komai sai ganye.

Da muka juya, sai na ga turba uku, duk sawun shanu, duk kamarsu ɗaya. Na zaɓi ta tsakiya da ƙarfin hali. Muka yi ta tafiya, babu rafi. Na ɗaga kai in duba rana, hadari ya haɗo ya rufe ta, kuma ko da tana nan, tsakar rana ce, ba ta nuna gabas ba ta nuna yamma. Na ciro waya: babu sabis ko ɗigo. Ƙarfe ɗaya da minti goma.

"Yaya, mun ɓata ne?"

"Wa ya ce maka? Hanya ce mai ɗan zagaye."

Ƙarya na yi masa, ya kuma san ƙarya ce, domin hannuna da ke riƙe da nasa rawa yake yi. Duk labaran rediyon nan suka dawo min lokaci ɗaya. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne muryar Umma a bakin ƙofa. Da wane baki zan faɗa mata?

Ƙafata na cewa in ruga da gudu. Allah Ya taimake ni ban bi ta ba. Na ce mu zauna, mu yi shiru. Muka karanta abin da ya sawwaƙa na addu'a, muka kasa kunne. Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Can sai ƙanena ya nuna hagu, ya ce, "Ruwa." Kunnen yaro ya fi nawa. Muka kutsa ta cikin ƙaya muna bin sautin, har muka faɗo bakin rafin, amma a wani wuri dabam, babu maɗaci.

Saura tambaya ɗaya: sama za mu bi ko ƙasa? Na rufe ido na tuna lokacin da muke wanke fuska. Ƙanena ya jefa ƙwallon ɗinya, ruwa ya tafi da shi hannun dama. Bayan mun tsallaka, biran ma dama suka ja mu, wato inda ruwan yake gangarawa. Ke nan maɗacin yana sama. Muka bi gaɓa muna fuskantar inda ruwa ke fitowa. Minti ashirin da suka fi min shekara tsawo, sai ga farin tabon sassaƙa a tsallake. Ban taɓa murnar ganin itace irin ta ranar ba.

Muna cikin gamba muka fara jin hon, ana danna shi ba ƙaƙƙautawa. Biyu da kwata muka fito titi, ƙaya ta yayyage mana ƙafa, yayyafi ya fara sauka. Direba ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, kuma da gaskiyarsa. Ashe tun ƙarfe biyu ya tayar da mota, Iya ce ta sauko da ƙullin kayanta ta zauna a kan dutse, ta ce ba inda za ta sai an ga 'ya'yan mutane. Dattijon kuma har ya ɗauko sandarsa zai bi sawunmu. Da ya gan mu, kallon wandona kawai ya yi, jiƙe har gwiwa.

"Kun tsallaka," in ji shi.

Na sunkuyar da kai. "Mun tsallaka, Baba. A yafe mu."

"Allah Ya kiyaye gaba. Daji ba ya ƙin baƙo, amma ba ya son mai gardama."

Muka rama azahar a gefen titi cikin sauri, mota ta tashi. Muna ratsa dajin zuwa Doguwa, babu mai magana. Da muka fita wani ya nuna ɓangaren duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, amma ni hankalina na can bakin rafi.

Da na dawo gida na nemi sanin wurin da na kusa salwantar da amana. Falgore na kudu da birnin Kano da tazarar sama da kilomita 100, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Bayan ɓarayin shanu sun addabi yankin, a 2017 rundunar sojan Najeriya ta mayar da shi wurin atisaye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsohon sunan. Kogin Kano ta cikin dajin nan yake bi, ƙananan rafuka na zuba a cikinsa, shi kuma ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ruwan ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Wato ruwan da muka wanke fuska da shi, irinsa ne ke raya shinkafar da muka wuce da safe, da tumatirin da Umma ke miya da shi da rani. Saiwoyin itatuwa ne ke riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba ke sa ruwan sama ya nutse a hankali maimakon ya kwashi yashi ya cike kogi. Duk buhun gawayin da aka sare doka ko ƙirya aka yi, da sauƙi a birni, amma madatsa ce ke biyan bashin.

Don haka ina kira ga makarantunmu, musamman na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da abin yake a ƙofar gidansu: a riƙa shirya wa ɗalibai ziyara, da izinin hukuma, da rakiyar ma'aikatan gandun daji da jami'an tsaro. Darasin wata guda yana cikin tafiyar awa ɗaya a kurmi.

Ku kuma 'yan uwana ɗalibai, idan tafiya ta tsayar da ku a gefen daji irin haka, ga abin da na koya da ƙaya a ƙafa. Ku tambayi ɗan gari, idan ya ce ba lafiya, ku zauna. Idan ya sa muku iyaka, to iyakar ke nan. Ku gaya wa wani babba inda za ku da lokacin dawowa. Ku raba lokacinku uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ku ajiye don abin da ba ku zata ba. Ku riƙa waiwaye kuna tafiya, domin hanya ba ta kama da kanta idan an juyo. Kada ku dogara da waya. Idan kuka rikice, kada ku yi gudu: ku tsaya, ku yi shiru, ku saurara.

Ƙanena ya riƙe min sirri har kwana uku. Rana ta huɗu Umma ta kira waya, ya karɓa, abin da ya fara cewa shi ne, "Umma, mun ga birai a daji!" Sauran bayanin ni na yi shi, kuma har yau ban gama biya ba.