Haƙoran Bakin Bututu



A ƙauyenmu, can gefen titin Kano zuwa Ɗambatta, babu daji. Gonar wannan tana jingine da ta wancan, gida yana kallon gida, ga jama'a birjik, amma famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne ke shayar da unguwarmu. Irin wanda ake kira India Mark II ne, ƙirar da aka fito da ita a Indiya a shekarun 1970. A sama hannu kawai kake gani. A ƙasa kuwa bututan ƙarfe ne masu tsawon mita uku-uku, an ɗaura bakin wannan da na wancan da soket, har su kai ga ruwa.

Bazarar bara waccan tsatsa ta huda su, ruwa ya koma ɗigo. Mu samarin unguwa muka yi karo-karo, muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. A nan wayo ya ci mu. Muka ga idan muka sayi dogaye masu mita shida muka raba biyu, za mu rage kuɗi, sai dai a yanka wa sababbin bakunan haƙora. Muka samu mai gyaran famfo, ya ɗaure bututu, ya ɗiga baƙin mai, ya kama juya ƙarfensa. Mun ga haƙoran sun fito a cinye, wasu a karye, kamar bakin tsohon akuya. Mun gani, wallahi mun gani. Amma rana ta yi, mota za ta tashi, sai muka ce ai soket zai rufe.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, yanka haƙori cin naman ƙarfe ne. Wurin yana zama mafi siranta a duk tsawon bututun, kuma farin rufin da ke kare shi daga tsatsa yana tafiya tare da abin da aka kankare. Ga shi duk nauyin bututan ƙasa, da ruwan da ke cikinsu, a wuyan haƙoran sama yake rataye.

Wata huɗu ya yi. Wata safiya yara suna tuƙawa sai aka ji wani "gum" daga ƙasa, hannun ya saki. Bututu shida da silinda sun faɗa rami.

Mai unguwa bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ku yara, nawa kuka ce kun rage?" Muka sunkuyar da kai muka ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Kwana tara ƙannenmu suna tafiya unguwar gaba da jarkoki kafin makaranta, wasu ma ba su je makarantar ba. Iyayenmu mata suka koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa da kuɗin cefane.

A cikin kwanakin ne Yayanmu da ke aiki a wata masana'anta a Bompai ya zo gida. Ya ce su manyan bututan kashe gobara ba sa yi musu haƙori, ba sa walda. Kwarmi ɗaya ake yi zagaye da bakin, a sa zoben roba, a kawo ƙarfe biyu masu kama da rabin awarwaro su faɗa cikin kwarmin, a ɗaure da noti biyu. Kwarmin ma iri biyu ne: ko a yanke shi, wanda sai bututu mai kauri, ko inji ya matsa shi ciki ba tare da an cire komai daga jikin ƙarfen ba. Dabarar ta samo asali ne daga Ingila tun 1919.

Muka ce to a kawo mana mana! Ya yi dariya ya ce, "Ƙanina, ramin naku ɗan inci nawa ne? Kuma wa zai ɗauko inji daga birni saboda bututu goma?" Gaskiyarsa. Mu nan a fadama har yau da wutar kara muke gasa bakin bututun roba ya yi laushi, mu cusa ɗan'uwansa, mu naɗe da robar cikin taya, kuma yana kai mu ƙarshen rani. Ƙarfen da ke rataye a rami ne bai yarda da a-yi-maneji ba.

A rana ta tara masu ƙugiya suka ciro biyar da silindar. Ɗayan yana can ƙasa har yau. Kuɗin cirowar ya ninka abin da muka rage, kuma da muka koma Ƙofar Ruwa, masu mita uku muka saya, da haƙoransu na kamfani, kowanne sai da muka ɗaura masa soket da hannu a gaban mai shago kafin a ɗora a mota.