Ruwa A Ƙarƙashin Dutse: Ziyara Zuwa Kangire

Wanda ya tashi daga Kano ya bi hanyar Wudil, ya ƙetare gada, ya miƙa kudu maso gabas, bayan mil 80 da 'yan kai zai iso Birnin Kudu. Tun bai iso ba zai ga ƙasa ta sake kama. Sai ga duwatsu sun fara ɓullowa a tsakiyar gonaki, waɗansu a shimfiɗe kamar faifai, waɗansu kuwa a ɗore bisa juna kamar da hannu aka jera su. A cikin wannan ƙasa garin Kangire ya ke, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, maƙwabciyar Gwaram. Dā duk a Jihar Kano su ke, sai a 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa suka koma cikinta. Mutanen wurin yawancinsu manoma ne da makiyaya, Hausawa da Fulani. Gero da dawa, gyaɗa, wake da riɗi su ne arzikinsu.

Baƙo ba ya wuce Birnin Kudu bai ga duwatsunta ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu waɗanda mutanen dā suka yi a jikin dutse, har yau ana ganinsu. Akwai kuma duwatsu masu amo, waɗanda in ka buga su da ɗan dutse sai ka ji ƙara kamar ta kuge. A nan ne masu bincike suka fara lura da irin waɗannan duwatsu a 1955, kuma wani Baturen Ingila, Bernard Fagg, na gidan kayan tarihi na Jos, ya ba duniya labarinsu a 1956.

To, me ya sa wani dutse ya ke amo, wani kuwa ba ya yi? Uwargida ta san amsa, gama ba ta sayen tukunya a kasuwa sai ta ƙwanƙwasa. In tukunya lafiyayya ce sai ta yi ƙara garau, in kuwa da tsaga sai muryarta ta dushe. Haka dutse ya ke. Wanda ba shi da tsaga, kuma bai zauna daɓas a ƙasa ba, shi ne ya ke rawa in an buga shi, rawar nan ita ce amon da kunne ya ke ji. Ilmin da ya ke bin diddigin irin waɗannan abubuwa, watau ƙara da haske, zafi da wutar lantarki, shi a ke kira fiziks.

Amma ga abin lura. Dutsen da ya ke daɗin ji ba ya riƙe ruwa. A arewacin Jigawa, wajen Haɗeja da Gumel, yashi ne mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya kan kwanta a cikinsa. A nan kudu kuwa, in ka haƙa sai ka tarar da fa. Ruwa ba ya samuwa sai inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Don haka a kan haƙa rijiya nan a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata ta fito ƙaf. Jama'ar da ta yi karo-karo ta kira masu injin burtsatse, aka huda ƙasa aka tashi a banza, ita ta san zafin abin. Kuɗi sun tafi, mata da yara kuma sun koma tafiyar ɗiban ruwa da rani.

A nan ne mai ilmin fiziks ya ke da rana. Ya kan zo da turakun ƙarfe huɗu, da waya, da batir, da na'urar awo. Sai ya kafa turakun a jere, ya sa wuta ta shiga ƙasa ta biyun da ke gefe, ya auna ta biyun da ke tsakiya. Yana ƙara nisa tsakanin na gefen, wutar tana ƙara nutsewa. Busasshen fa ya kan tare wuta, ruɓaɓɓen dutse mai laima kuwa ya kan bar ta ta wuce. Da lissafi sai ya gane inda ya fi dacewa a haƙa, da zurfin da za a kai. Wani Bafaranshe mai suna Conrad Schlumberger ne ya fara gwada wannan dabara a 1912. Ba duba ba ne, ba kuwa kullum a ke dacewa ba, amma tana rage hasara ƙwarai.

Ina a ke koyon wannan? Hanyar da tsawo. Yaro ko yarinya sai ya gama sakandare da ƙarfi a lissafi da kimiyya, ya yi shekara 4 a jami'a ya sami digiri na farko, ya yi shekarar bautar ƙasa. Bayan haka ne zai nemi digiri na biyu. Akasari a jami'o'inmu ba a gama shi kasa da shekara ɗaya da rabi, sau da yawa ma ya kan kai biyu. A Ingila kuwa irin wannan karatu shekara guda ya ke ci.

Shekarar farko ta zaman aji ce. Ana koyon lissafi mai zurfi, da ilmin wutar lantarki da maganaɗisu, da halin ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowane fanni da jarrabawarsa. Daga nan ɗalibi ya zaɓi reshen da zai ƙware, malami guda ya riƙe hannunsa, ya yi bincike, ya rubuta shi littafi, ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Wanda ya zaɓi binciken ƙarƙashin ƙasa, filin ƙauyensu ma ya isa ya zama wurin aikinsa.

Ba sai an ƙetare teku ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana koyar da binciken ƙarƙashin ƙasa a sashen fiziks, kuma a can ne na'urar binciken nukiliya ta farko a Nijeriya ta fara aiki a 2004. Jami'ar Bayero tana Kano, tafiyar 'yan sa'o'i. A Dutse ma, babban birnin Jigawa, an buɗe Jami'ar Tarayya a 2011. Kuma ba ruwa kaɗai ba ne amfanin karatun. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, irin Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, tana bukatar wanda ya san awon haskenta don kada ta cuci mara lafiya. Makarantun sakandare kuma kullum suna neman malaman fiziks.

Ya ku iyaye, kada mu ɓoye wa juna gaskiya: karatun nan da nauyi. Ga kuɗin makaranta, ga na abinci da mota, ga sa'o'in yaro sun yi aure sun fara tara hatsi shi kuwa yana fama da littafi. Kafin ya shiga, a zauna a yi shawara a gida: wa zai ɗauki nauyi, har tsawon wane lokaci, wane reshe ne kuma zai bi? Ku tambaye shi abin da zai bincika. In ya iya bayyana muku shi da Hausa har kakarsa ta gane, to, ya san abin da ya ke nema. 'Ya mace ma kada a bar ta a baya, gama ita ta fi kowa sanin nauyin tulu.

Kai kuma ɗalibi, in ka gama, ka tuna da ƙasar da ta rene ka. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. A Kangire da kewayenta romon dutse ruwa ne, yana nan kwance cikin tsaga, yana jiran wanda ya san inda za a haƙa.