Ƙasar da Ake Auna Itacen Wuta da Gaba

A kudu maso yammacin Jamus akwai wani daji mai tuddai da ake kira Baƙin Daji, gama itatuwansa dogaye ne, sun yi cunkus har rana ba ta cika kaiwa ƙasa ba. Duk wanda ya ratsa ƙauyukansa da kaka, faskare ne zai fara ɗaukar idonsa. Gidaje da yawa suna da jerinsa a jikin bango, an daidaita bakinsa sumul sai ka ce magini aka sa. Mu da muka saba ganin itace a dami bisa jaki, sai da muka tsaya muka yi kallo.

Ba don ado suke yi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara takan rufe tuddan nan, sanyin kuwa ba irin hunturunmu ba ne da bargo ɗaya yake maganinsa. A zamanin da, gidan da itacensa ya ƙare kafin sanyi ya wuce, tsofaffi da jarirai ne suke fara shan wuya. Saboda haka maigida ba ya sayen itace da ka, sai da awo.

Tsohon ma'auninsu shi ne kilafta. Ma'anarsa tsawon da ke tsakanin yatsun hannu biyu idan namiji ya buɗe su, watau gaba ke nan, irin wanda muke faɗin zurfin rijiya da shi. Jamusawa suka tsai da shi a kan ƙafa 6. Akan kafa sanduna biyu, a jera faskare a tsakaninsu, faɗinsa gaba guda, tsayinsa gaba guda. Wannan jeri shi ne kilafta ɗaya na itace.

To, ga inda gizo yake saƙa. Kafin Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, masarautu ne barkatai, kowace da tsawon ƙafarta. Mun hau tudun Kinibis, kusa da garin Furoidanshitat, inda a da iyakar masarautar Baden da ta Wurtambag ta ratsa. Dukansu biyu lissafinsu ɗaya ne: ƙafa 6 faɗi, 6 tsayi, guntayen itacen kuma ƙafa 4. Amma ƙafar Baden santimita 30 ce, ta Wurtambag kuwa wajen 28.6. Bambancin bai kai faɗin babban yatsa ba, duk da haka idan aka tara shi a faɗi da tsayi da tsawo sai ya zama abu. Mu ɗauki akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Kilaftan Baden yana cika akwatin nan kusan sau 3.9, na Wurtambag kuwa sau 3.4. Rabin akwati ke nan ya ɓace don kawai mutum ya ƙetare dutsen iyaka, alhali sunan awon bai sāke ba. Tun 1952 yankunan biyu suna cikin jiha guda.

Da muka nufi gabas muka shiga Bavariya, sai muka iske nasu ya fi ƙanƙanta, wajen 3.1, gama can guntayen ƙafa uku da rabi ne. Na Furusiya 3.3 ne, na birnin Viyana a Ostiriya 3.4. A arewa wajen Hambag ma wani suna dabam suke da shi, fadin. Uwargidan da ta taɓa auna gero da mudun wani gari, ta dawo gida ta ga bai cika nata ba, ta riga ta gane zancen.

Awon mita ya zama doka a Jamus a 1872, a Ostiriya a 1876, a Suwizalan a 1877. Mutanen kudu suka riƙe kalmar shiter, wadda suka ara daga Faransanci, suna nufin cikin akwatin mita ɗaya na jerarren itace. Kilafta bai mutu sarai ba. Har yanzu manomi a Suwizalan yakan ce kilafta, yana nufin shiter uku.

A ganinmu abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda suka yarda a fili cewa mai sayen faskare har da iska yake saye. Komai gwanintar mai jeri, sai an bar ramuka a tsakani. Itacen da ya karkace ko mai ƙulli ya fi barin rami, mai son zuciya kuma ya san yadda zai gitta guntaye a tsakiya inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa birane da dama a da suke da ma'aunan itace waɗanda aka rantsar. Yau mita iri uku suke ambata. Akwai ta gungume, itace zalla ba rami. Akwai ta jeri, watau shiter, wadda itacen cikinta wajen kashi 7 cikin 10 ne. Sai ta zube, inda ake juye faskare daga mota yadda ya faɗi. A wannan da ƙyar itacen yake kaiwa rabi.

Yawancin gidajen Jamus da gas ko mai suke ɗumama ɗaki yanzu, amma murhun itace bai tashi ba. A 2022, sa'ad da yaƙin Yukuren ya sa gas ya yi tsada, jama'a suka koma wa faskare, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya ji kuɗin mita ɗaya ya yi araha, dole ya tambaya: ta jeri ce ko ta zube? Sa'an nan ya tambayi yaushe aka sare shi, gama ɗanyen itace hayaƙi yake yi ba zafi ba, mai tauri kuma yakan yi kamar shekara biyu a jikin bango kafin ya isa shiga murhu.