Buri Dogo, Yini Gajere: Nasihar Kaka ga Jama'ar Masallacinmu



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raya mu har muka ga kakar bana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku iyayena da ƴan'uwana da ƴaƴana na Kelle, da ku da kuke karanta wannan saƙo daga Gure ko Damagaram ko Kano ko Agadas, saƙon yau yana da ɗan tsawo. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, ladan na ku biyu ne in sha Allahu.

Hatsi ya shiga rumbu, kowane magidanci ya ƙirga damensa ya san wata nawa za su kai iyalinsa, samari kuma sun fara ɗaurin kaya domin cin rani. A irin wannan lokaci ne buri yake yawa a bakunan mutane. Wannan zai yi aure, wancan zai sayi babur, wani zai sa wa ɗakin mahaifiyarsa kwano, wani zai sauke Alƙur'ani, dattijo kuma yana hangen kujerar Makka. Duk waɗannan halal ne, wasunsu ma ibada ce. Abin da nake so mu tsaya mu duba shi ne: me ya sa mafi yawan burin nan yake dawo mana kowace kaka kamar yadda muka bar shi bara, bai gusa ko taki ɗaya ba?

Na haura shekara hamsin a duniya. Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne suke wucewa, shi kansa Fiyayyen Halitta (SAW) ya yi wafati yana da shekara 63. Wanda ya kai inda na kai dole ya riƙa duban rumbun kwanakinsa kamar yadda manomi yake leƙa rumbunsa a tsakiyar bazara. Limanci kuwa ya tsayar da ni a gaban gawarwaki masu yawa, ya zaunar da ni a zaman makoki da ban iya ƙirgawa, kuma ga abin da na lura da shi a wurin: ban taɓa jin an ambaci mamaci da burinsa ba. Ba wanda yake cewa, Allah Ya jiƙan wane, ya yi niyyar gina masallaci. Abin da nake ji shi ne: ba a rasa shi a sahun Asuba, in ya ci bashi yana biya kafin a tambaya, tiyarsa cikakkiya ce, ba ta taɓa barin yaron maƙwabta ya kwana da yunwa ba. Wani lokacin kuma sai a yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai, shirun nan ma shaida ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, aka wuce da wata suka zarge ta, Annabi (SAW) ya tabbatar wa kowace abin da aka faɗa a kanta, ya sanar da sahabbai cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Mutane kuwa abin da suka gani kullum shi suke shaidawa.

Mu mutanen Kutus da Muniyo ba ma bukatar a je nesa a ɗauko mana misali. Dubi yadda rairayi yake cin gona ko kwari a ƙasar Gure. Babu wanda ya taɓa kwanciya da gonarsa ya wayi gari ya tarar da tudu a kanta. Iskar hunturu ce take kawo shi ƙwaya-ƙwaya, bana ya ci kunya biyu, baɗi ya ci biyar, har ranar da za a nuna wa yaro kan dabino a ce nan lambun kakanka yake. Gafala haka take shiga rayuwar mutum. Yau an jinkirta La'asar saboda shayi bai kai na uku ba, gobe an bar ta sai dab da Magariba, bayan shekara mutum ya manta rabonsa da sahu, alhali a zuciyarsa har yanzu yana ɗaukar kansa mai niyyar gyarawa. Waɗanda suka yi aikin tsayar da tudun rairayi sun san yadda ake yi: a kafa shingen rassa layi-layi, a dasa itatuwa a tsakani, a tsare wurin daga dabbobi, a dawo a gyara inda iska ta karya. Aikin haƙuri ne na shekaru. Tsare zuciya ma haka yake.

Shi ya sa hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, wanda yake cikin Buhari da Muslim, ya nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Bari mu sa wannan a ma'aunin lissafi, tunda lokacin awo ne.

Alƙur'ani izu sittin ne. Wanda ya riƙe izu ɗaya kullum zai sauke cikin wata biyu, sau shida ke nan a shekara. Wanda izu ya yi masa yawa ya riƙe sumuni ɗaya: sumuni 480 ne, zai kammala cikin wata goma sha shida. Mutum nawa ne a cikinmu suka shekara goma suna cewa sai sun samu sarari? Shekarar Hijira kwana 354 ce, salloli biyar a kowace rana sun kama salla 1,770, kowace ɗaya in an yi ta a jam'i ta fi ta mutum shi kaɗai da daraja ashirin da bakwai. Wanda ya ajiye dala ashirin kullum, a ƙarshen shekara yana da sama da jika talatin da biyar. Wanda kuma yake bai wa waya awa ɗaya tak a kowace rana wajen kallon abin da ba ya ƙara masa komai, a shekara ya ba ta kusan kwana goma sha biyar, dare da rana. Na san kuna karanta wannan a cikin wayar ne. Ita kamar wuƙa take, tana yanka layya tana kuma yanka mai ita. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da ɗigo randa take ƙarewa.

Littattafan da muka fara da su a gaban malamanmu sun ɗora mu a kan wannan tsari tun muna yara. Ahalari ya buɗe da gyaran imani, sannan sanin abin da mutum zai gyara farillan da ke kansa da shi, wato tsarki da salla da azumi, sannan tuba da tsare harshe da ido. Risala ta Ibn Abi Zaid ta biyo da ciniki da bashi da aure har zuwa ladubban ci da sha da sallama. Malaman nan sun san cewa addinin mutum yana zaune ne a tsakanin Asubarsa da Isharsa.

Yanzu bari in taɓo abubuwan da suke gabanmu a wannan wata.

Na farko, zakkar hatsi. Idan abin da ka girbe ya kai nisabi, wato wusuƙi biyar, daidai da sa'i 300, to ɗaya cikin goma haƙƙin mabuƙata ne in ruwan sama ne ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka same shi. Ba a jiran shekara ta zagayo a kanta. Mai burin Makka wanda ya rufe rumbu da haƙƙin maraya a ciki ya sake lissafi, domin ya tsallake farillar da ke ƙofar gidansa yana hangen wadda ba ta wajaba a kansa ba tukuna.

Na biyu, tattali. Suratu Yusuf ta ba mu labarin shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bai wa mutanen Masar: su yi noma shekara bakwai, su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci, domin shekaru bakwai masu tsanani suna tafe. Har yau a zangarniya muke ajiye hatsinmu. Dattawanmu sun ga fari na 1973 da 1974, mu mun ga na 1984 muna samari, ƴaƴanmu da yawa sun ga wahalar 2005. Duk da haka kowace shekara sai a kwashi hatsi a kai kasuwa lokacin da tiya ta fi araha, domin biki ko suna ko gasar kayan ɗaki, sannan a dawo da damina a saye shi da tsada ko a ci bashinsa a kan amfanin da bai ma tsiro ba. Tawakkali bai hana ajiya ba. Ya ɗan'uwana magidanci, kafin ka buɗe rumbu domin fita kunyar mutane, ka tuna da ranar da yara za su dube ka da safe alhali gero bai fitar da kai ba.

Na uku, ku samari masu tafiya. Ko Kano za ku, ko Libiya, ko Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya irin Jado da suka janye matasa tun 2014, neman halal ibada ce, kuma ina yi muku addu'ar buɗi. Sai dai ku sani halin da kuka fita da shi daga Kelle shi zai sauka tare da ku daga mota. Wanda bai saba tashi Asuba ba a inda ladan yake kiran sunansa ta kan katanga, wa zai tashe shi a ƙasar da ba a san shi ba? Kada ɗayanku ya fita sai ya bar wa matarsa abin ci, ya faɗa wa wani amintacce bashin da ake binsa, ya nemi albarkar iyayensa. Aike kaɗan a kowane wata ya fi alkawarin dawowa da buhu. Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar Alƙiyama ba sai an tambaye shi rayuwarsa yadda ya ƙarar da ita, da ƙuruciyarsa, da iliminsa, da dukiyarsa ta ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta. A kan dukiya tambaya biyu ce, ku riƙe wannan.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan'uwanmu mata, kada wata ta raina abin da take yi. Daka da ɗiban ruwa da renon yara, in an yi su da kyakkyawar niyya, suna cikin ayyukan da ba sa yankewa. Yaron da kika koya wa Fatiha a bakin murhu, duk sallar da zai yi da ita har ya tsufa kina da rabo a ciki. Ku ne kuka fi kowa sanin yawan abin da ake ɗiba daga rumbu kullum, don haka ku yi magana in kun ga ana ɓarna, maigida kuma ya saurara.

Abin da nake roƙon kowa a wannan mako ƙarami ne. Bayan sallar Isha, kafin ka ɗauki waya, ka zauna ka ambaci babban burinka guda ɗaya, ka tambayi kanka wane aiki ne ɗan ƙarami da za ka iya yi gobe, da jibi, da gata, wanda yake kai wa gare shi. Mai son sauka ya je wurin malami da allonsa gobe bayan Asuba. Mai son Makka ya fara da biyan bashi da fitar da zakka. Mai son shiryuwar ɗansa ya riƙo hannunsa zuwa masallaci. Mai son gyara zumunci ya kira ɗan'uwan da ya yanke wa magana. Ka zaɓi abin da ba zai gagare ka ba ranar gajiya, ka riƙe shi har kakar baɗi. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin Annabi (SAW) cewa ko da Alƙiyama za ta tsaya alhali dashen dabino yana hannun mutum, in zai iya dasawa ya dasa. Ba mu da uzurin cewa lokaci ya ƙure.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka girbe, Ya ciyar da wanda gonarsa ba ta yi ba, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su da halal. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu dawwama a kan alheri komai ƙanƙantarsa, Ya sa shaidar da za a yi mana ranar da aka ɗauke mu a makara ta zama mai kyau. Wanda yake da tambaya a kan nisabi ko awon zakkarsa ya same ni a masallaci bayan La'asar.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.