Tulu Ne Malaminmu Na Tsayuwa

A shekarar 1661 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a birnin Faris, wadda ta taimaka wajen tsara rawar bale. Abu na farko da ake koya wa mai wannan rawa shi ne tsayuwa: baya a miƙe, kafaɗu a sake, ciki a ɗame, kai sama. Yara kan yi shekaru gaban madubi kafin su ƙware.

Mu 'yan matan Gummi kuwa, tulu ne malaminmu. Kakata takan naɗa mini gammo, ta aza mini tulu, ta ce, "Dubi gabanki, jikalle, kada ki dubi ƙafarki." In kin ranƙwafa, ruwa ya jiƙa ki, in kin karkace, tulu ya fashe. Shi ya sa idan an fito gaɗa da farin wata, ko a Anka ko a Bukkuyum, za ka ga yarinya tana juyi a miƙe kamar kara.

Abin da ke damuna shi ne, benci na neman ƙwace mana wannan gado. Muna wuni a duƙe kan littafi, da dare kuma kan waya, har wasunmu sun fara kukan ciwon baya.

'Yan'uwana ɗalibai, ba na ce mu koma ɗaukar kaya mai nauyi ba, domin shi ma yana cutar wuya. Littafi guda ya isa. Ku aza shi a ka, ku zagaya ɗaki kowace safiya ba tare da ya faɗi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.