Zamanin da Ake Saita Agogo da Rediyo

Ku da kuka tashi a Garam kafin wayar salula ta iso, kun tuna yadda muke sanin lokaci? Zakara ke tashinmu, ladan ya tabbatar. Hantsi kuwa ba sai an faɗa ba: hayaƙin murhu ya lafa, ƙamshin gasasshiyar doya ya cika unguwa, matan Gwari sun miƙi hanyar kasuwa da kaya a kafaɗa. Da azahar malam ya fito ya auna inuwarsa da tafin ƙafa. Ran da hadari ya rufe rana, a yi ta musu a ƙofar masallaci, a ƙarshe a bi maganar wanda ya fi furfura.

Agogon hannu kuwa sai wane da wane. Alhajin da ya dawo daga Makka da Seiko, ko ana muku-mukun sanyi sai ya naɗe hannun riga. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, ƙarfe nawa?" Shi kuma ya ɗaga hannu a tsanake, ya yi gyaran murya, sannan ya amsa. In agogo ya fara gaggawa ko nawa, sai Suleja, wadda tsofaffinmu ba su daina ce wa Abuja ba, wurin mai gyara da ɗan akwatinsa na gilashi da tabarau a ido ɗaya. Da dare a kewaye rediyo, BBC na buga ƙarar cikar sa'a, kowa ya murza nasa. Allah sarki!

Ashe masana ma abin da suke nema ke nan, wato tsayayyen abin da za a saita da shi. Agogon da ya fi kowanne daidaito a yau da hasken leza yake aiki, hasken da aka fara samarwa a Amurka a 1960. Hasken ma yakan yi rawa, sai a tsare shi tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna, a jikin gilashin da zafi ba ya miƙar da shi sosai, cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Tazarar maduban nan ita ce ma'aunin da ke hana hasken rawa: da hasken ya kauce, na'ura ta maido shi. A da kayan kan cika ɗaki, yanzu ana ta ƙanƙantar da su don a iya yawo da su. Jamusawa sun kai irin wannan agogo a tirela har tsaunukan iyakar Faransa da Italiya. A 2020 Japanawa suka ba da labarin guda biyu da suka ajiye a hasumiyar Tokyo Skytree, ɗaya a ƙasa, ɗaya a bisan mita 450, na saman ya ɗan fi sauri, yadda masanin kimiyya Einstein ya faɗa.

Masu naɗe hannun riga sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Ba su san daƙiƙa ba, amma in sun ce maka "bayan la'asar", to za ka gan su. 'Yan baya, ku nemi wannan ilimi da gaske, ku kuma haɗa shi da cika alkawari irin na kakanninku.